Nababa Ya Ɓoye Wayoyin Gari

Ku matso, ku gyara zama, in ba ku labarin Nababa na Tungar Gawo, mutumin da tun da ya yi wayo ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Tungar Gawo ƙauye ne a gefen hanyar Adabka. Mutanensa manoma ne, gero da dawa da wake, sai ɗan kiwo. Waya ta shiga kusan kowane gida, amma sabis bai san kowa ba a garin sai wata tsamiya da ke kan tudu a bakin gari. Duk mai son magana da ɗan'uwansa sai ya hau tudun, ya ɗaga waya sama kamar mai miƙa wa raƙumi ciyawa. Caji kuwa sai dai a ba 'yan kabu-kabu su kai Adabka.

Da 'yan garin mazauna birni suka gaji da jin "wayata ba caji", sai suka haɗu suka gina rumfar caji mai sola a gindin tsamiyar. Magaji, wato mai garin, ya ce ranar buɗe rumfar zai miƙa makullinta ga wanda zai riƙa kula da ita. Mutum biyu suka nuna suna so. Ɗaya Tasi'u wanzami, ɗaya kuma taubashinsa Nababa.

Nababa fa ya sa rumfar nan a ransa. Akwai kujera, akwai fanka, ga inuwa, kuma kowa a garin dole ya zo ya ce "Malam Nababa, a taimaka." Mutumin da ya gaji da sunkuyo a gona, me zai nema da ya wuce wannan?

Hujjarsa kuwa ita ce ya taɓa halartar taron wayar da kai kan intanet a Gummi. Gaskiyar magana akuya ya kai kasuwa, ya ga ana raba shinkafa da riga a wani zaure, ya bi layi ya shige. Rabin taron ya yi shi yana gyangyaɗi. Amma ya dawo da rigar, da kalmomin da ya tsinta tsakanin barci da farke.

Ana cikin haka sai wani saƙon murya ya shigo garin. Wani mutum ne mai murya kamar ya haɗiyi ganga, yana cewa 'yan ta'addan intanet sun ɓullo, suna shiga wayar mutum daga nesa su kwashe duk abin da ke ciki, su yi magana da sunansa, kuma wanda bai tura saƙon gaba ba, shi za a fara da shi. Kafin rana ta faɗi kowa ya tura wa kowa. Tsofaffi suka fara riƙe waya da bakin zane.

Nababa ya sa rigarsa ta taro, ya tafi ƙofar Magaji inda dattawa ke zaune.

"Ranka ya daɗe, ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Mutanen nan na san su. A Gummi an nuna mana hotonsu. Suna sa hula har ido, suna zama cikin duhu. Muddin ina garinga, ko ƙuda ba zai shiga wayar kowa ba."

Tasi'u yana gefe yana wasa askarsa. Ya ce, "Kai da bara ka kasa kashe tocilan wayarka, sai da ka kwana da ita cikin ƙwarya?"

"Gwaji nake yi, jahili. Kai mi ka sani banda ƙeyar mutane?"

"Ƙeyarka ma na sani. Ba komai a gabanta."

Magaji ya yi murmushi ya ce, "To Nababa, mu ga aikinka. Wanda ya tsare mana wayoyi, ai shi ya cancanci makulli."

Aikin farko shi ne lambar sirri. Nababa ya bi gida gida yana kulle wa mutane waya. Don kada a wahala, sai ya sa wa kowa lamba iri ɗaya, sifili huɗu. Duk da haka tsofaffi suka yi ta mantawa. Tun da sassafe ana sallama a ƙofarsa, ko kunu ba ya iya sha cikin natsuwa. Da ya gaji sai ya kira mai shela ya ba shi goro.

Da hantsi, daidai lokacin da masu awon hatsi daga Bukkuyum suka cika bakin masallaci, mai shela ya buga gangarsa.

"Jama'a, kuna ji! Malam Nababa na gaishe ku! Lambar sirrin gari sifili huɗu ce! Sifili huɗu! Kuma an ce kada wanda ya faɗa wa baƙo!"

Masu awo suka yi dariya har ɗaya ya zubar da mudunsa.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai wata dattijuwa, Inna Fatsuma, shugabar matan garin a wurin girkin biki. Ɗanta Junaidu ya taɓa gaya mata cewa kura ta ɗauke ragonta a daji, har ta yi kwanaki tana jimami. Ranar shelar ta ga wayarsa a kan tabarma, ta danna sifili huɗu don ta gwada. Sai ga hoton ragon nan, lafiyarsa lau, a kasuwar Gummi, Junaidu ya dafa bayansa da baƙin tabarau a fuska yana washe baki.

Aka ga Junaidu ya fito a guje, Inna Fatsuma na biye da muciya.

"Tsaya ka gaya mani! Kurar ce ta ɗauki hoton? Kura mai tabarau!"

"Inna, wallahi 'yan intanet ne suka sa shi!"

Nababa da ke wucewa ya ɗaga yatsa. "Kun ji ko? Sun fara."

Da ya koma gida matarsa Saratu ta ajiye masa tuwo ta ce, "Baban Rufaida, gidan da ba a yi faɗa ba yau a garinga ƙalilan ne. Ka bar wa mutane wayoyinsu."

"Ke ba ki gane ba. Wannan shi ake kira bankaɗo. A Gummi sai an yi wata guda ana koyar da shi."

Aiki na biyu, Nababa ya ce tunda sabis ta tsamiya yake shigowa, to ta nan ɓarayin za su biyo. Ya ɗauki gora ya kafa kujera a gindinta. Duk kiran da ya shigo daga baƙuwar lamba, shi zai fara amsawa ya tantance.

Sahura matar Ishaq ta hau tudun da wayarta. Mijinta na aikin zinare a wajen Anka, kuma kamar yadda masu aikin suka saba, in wayar mutum ta mutu sai ya ari ta na kusa da shi. Waya ta yi ƙara, lamba baƙuwa. Nababa ya fizge.

"Wa ke magana?"

"Kai wa ke magana? Mi wayar matata ke yi hannunka?"

"Tambaya nake yi. In kai ne Ishaq, faɗi sunan jakin kakanka."

"Jakin kakana? Nababa, kai ne? Ba Sahura waya, ina da magana."

Nababa ya rufe bakin wayar da hannu, ya dubi mutanen da ke layi. "Kun ji? Har sunana sun sani. Har muryar Ishaq sun sato." Ya koma kan waya ya daka tsawa. "Kai ɓarawo, ɗan ta'adda! Ka gaya wa masu gidanka Tungar Gawo ta fi ƙarfinku!" Ya kashe.

Sahura ta ce, "Kawu, wallahi shi ne. Na ji tarinsa."

"Tarin ma satowa suke yi, ɗiyata."

Kafin la'asar sai ga babur ya tayar da ƙura tun daga nesa. Ishaq ya diro, jikinsa duk jar ƙasa, ko fuska bai wanke ba. Dama kira ya yi don ya ce a kwashe wakensa daga shanya saboda ya ga hadari. Hadarin kuwa ya zo ya yi abin da ya kawo shi.

"Ina mai tambayar jaki?"

Nababa ya ja da baya har ya jingina da tsamiya. "Tsaya nan. Ta yaya zan tabbatar kai ne?"

Ishaq ya ɗaga gorar Nababa da ke jingine. "Da wagga zan tabbatar maka."

Sai da mutane suka shiga tsakani. Tasi'u, wanda ya baro wani da rabin aski don ya zo kallo, ya ce, "Taubashi, wannan ɗan ta'addan kam ya iso da ƙafarsa. Ka kama shi mana."

Labari ya kai wa Magaji. Ya kira Nababa ya ce, "Ragon Fatsuma, waken Ishaq. Kullum ƙara. Ranar buɗe rumfa ta matso, kuma ni har yanzu tsaro ban gani ba."

Nababa ya ji makulli na sulluɓe masa. Ya koma gida ya zauna ya yi tagumi, yana ta laluben abin da ya ji a Gummi. Can sai ya tuna wani mai gyaran waya a bakin kasuwa ya taɓa cewa in aka rufe waya cikin ƙarfe, kira ba ya shiga. Ya miƙe zumbur har ya tuntsurar da buta.

Washegari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ya sa wayarsa cikin tukunyar miyar Saratu, ya rufe, ya ce Tasi'u ya kira. Tasi'u ya kira, shiru.

"Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

"To kun gani! In kira bai shiga ba, ta ina ɗan ta'adda zai shiga?"

Mutane suka yi ta kabbara. Saratu ta leƙo daga zaure ta ce a hankali, "Baban Rufaida, ai nan ƙofar ko ba tukunya sabis bai taɓa..."

"Koma ciki, miyarki na ƙuna."

"Miyar da tukunyarta ke hannunka?"

Hayaniya ta danne maganarta. Nababa ya hau kan turmi ya bayyana babban shiri. Ya ce 'yan ta'adda taro suke jira, kuma ba taron da ya kai na buɗe rumfa. Don haka ranar da safe kowa ya kawo wayarsa, zai adana su a inda ko aljani bai sani ba, sai an watse a mayar wa kowa tasa. Tsoron mai muryar ganga bai bar zukata ba, don haka aka yarda. Har Magaji ya ce zai bayar da tasa, babbar nan mai faɗin tafin hannu da ɗansa ya aiko masa.

To, a Tungar Gawo akwai wata ƙatuwar tukunyar dalma da matan gari suka haɗu suka saya don girkin biki da suna. A gidan Inna Fatsuma take zama. Al'adarsu kuwa, duk wanda ya are ta ba ya mayar da ita fayau, sai ya zuba wani abu a ciki na godiya, ko gero ko wake, daidai ƙarfinsa. Nababa bai tambayi kowa ba. Ya faki idon Inna ta tafi rijiya, ya kife tukunyar a ka ya sulale da ita gida kamar kunkuru.

Ranar taro da safe wayoyi suka taru, manya da ƙanana, masu ɗaurin roba da masu fasasshen gilashi. Ishaq kaɗai ya ce tasa da ta matarsa ko gawarsa ba za ta bayar ba. Nababa ya shige da su bayan rumbunsa, ya jera su a gindin tukunya. Sai ya yi tunani, in ɗan ta'adda ya buɗe fa? Ya jawo buhun wakensa ya juye a kai har wayoyi suka ɓace. Ya rufe, ya kakkaɓe hannu, ya tafi shirya jawabi.

Can kuwa a gindin tsamiya mata sun kafa murhu, sun tara itace, tukunya ta ce ɗauke ni inda kuka ajiye. Inna Fatsuma ta tayar da hankalin kowa. Wata ta ce ta ga tukunya na tafiya da ƙafafu biyu ta nufi gidan Nababa. Saratu na wajen daka, ba ta san abin da ke bayan rumbun mijinta ba. Mata suka ɗunguma, suka samo tukunya, suka buɗe.

Inna Fatsuma ta riƙe baki. "Ikon Allah. Ashe Nababa ya san ya kamata. Ku dubi godiya! Tun da aka sayi tukunyar ga ba wanda ya taɓa zuba wake hakanga."

"Neman makulli ne, Inna."

"Ko neman mi ne, Allah ya amfana. Ku ɗauka. Yau wake da shinkafa za a ci."

Suka rarrafo da ita da ƙyar, suka ɗora a murhu, 'yan taku kaɗan daga inda maza ke zaune.

Baƙi sun zo daga Bukkuyum da Adabka, an shimfiɗa tabarmi, rumfa na ta ƙyalli. Rana ta take tsaka lokacin da aka ba Nababa dama. Ya gyara rigar Gummi, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi. Yau a duk faɗin ƙasar nan, daga Anka har Gummi, ba garin da ya kai namu tsaro. Wayoyinku suna wani wuri da ni kaɗai na sani. Iska ba ta isa can, ruwa ba ya isa can..."

A bayansa aka ji shaaa, an juye bokitin farko a tukunya.

"...wuta ba ta isa can..."

Inna Fatsuma ta sunkuya tana hura itace.

"...kuma in akwai ɗan ta'addan da ya isa, ya sa ko ɗaya ta yi tari mu ji!"

Daidai nan lokacin azahar ya shiga. Wayoyin garin da yawa an sa masu kiran salla. Sai tukunya ta ɗauka. Murya ɗaya ta fara, wata ta bi, wata ta bi, har murfin na rawa.

Matar da ke riƙe da bokiti na biyu ta sake shi ta zura da gudu. Sauran suka bi ta, zannuwa na tashi. Liman, da bakinsa ya saba, ya amsa kiran kafin ya waiga ya ga daga inda yake fitowa. Wani baƙo ya haye benci da takalmansa. Inna Fatsuma kaɗai ta tsaya, muciya a ɗage, tana ja da baya.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, ku taho! Wake na kiran salla!"

Muryoyin suka fara shaƙewa, suna ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Nababa ya waiga. Ya ga tukunya, ya ga hayaƙi, ya ga bokiti. Ya kurma ihu, ya tsallake baƙi, ya shure itacen wuta, ya rungumi tukunyar ya tuntsurar da ita. Ruwa da wake suka malale har bakin tabarmar Magaji, wayoyi na iyo a ciki kamar tarwaɗa.

Magaji ya sunkuya, ya tsamo babbar wayarsa, ya girgiza ta. Ƙwayar wake ta faɗo daga wajen caji.

Tasi'u ne ya fara magana. "Taubashi, gishiri ka manta."

Wuri ya kaure. Masu dariya na yi, masu salati na yi, masu laluben wayarsu a cikin wake na yi. Ishaq ya ciro tasa daga aljihu busasshiya, yana ɗaukar hoton kowa. Inna Fatsuma ta nuna Nababa da muciya. "Ashe ba godiya ba ce? Ni da na gama sa maka albarka! Maido mani albarkata!"

"Ku tsaya, ku saurara," in ji Nababa, rigarsa na ɗigar ruwa. "Wannan aikinsu ne. Sun biyo ta hannun mata."

"Mu ne 'yan ta'addan?" Mata suka yo kansa.

"Ba haka nake nufi ba! Ranka ya daɗe, jarrabawa ce ta same mu gaba ɗaya. Ni da ku duk ɗaya ne. Duk mun yi hasara, duk mun..."

Aljihunsa ya ɗauki ƙara.

Kowa ya tsaya. Nababa ya dafe aljihun da hannu biyu, ya yi tari don ya rufe ƙarar. Ba ta rufu ba.

Magaji ya miƙa hannu. "Kawo ta."

Ya fito da ita, busasshiya, tana walƙiya.

"Taka ba ta shiga tukunya ba ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ai dole shugaban tsaro ya zauna da layi a buɗe."

Magaji ya mayar masa da wayarsa. Sa'an nan ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa Tasi'u. "Kai mi ka sani game da intanet?"

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe. Iyakata in soka waya in ta cika in zare."

"Madalla. Kada ka ƙara koyon komai." Ya juya kan Nababa. "Kai kuma, waɗanda suka mutu cikin wayoyin ga, gyaransu na wuyanka. Kuma daga yau har ranar da ta ƙarshe za ta tashi, wayarka ita ce wayar gari. Ka tsaya nan gindin tsamiya. Duk wanda aka kira, ka tafi da ƙafarka ka kira shi. Kuma kada in ji ka tambayi jakin kowa."

Haka aka yi. Aka shanya wayoyi a tabarma kamar kuɓewa, wasu suka farfaɗo, wasu aka kai Gummi asibitinsu. Nababa kuwa ya zama ɗan aike. Daga tsamiya zuwa gidan Liman, daga can zuwa bayan gari wajen makiyaya, ya dawo bai huta ba wata ta sake ƙara. Tasi'u na kan kujera cikin rumfa, fanka na kaɗa masa, in ya ga taubashinsa ya taho yana haki sai ya ɗaga masa hannu.

Rannan wani baƙo ya tsaya shan ruwa, ya ga mutum na sauko da tudu a guje, waya a kunne, takalmi ɗaya a hannu. Ya ce, "Bawan Allah, lafiya?"

Nababa bai tsaya ba. Ya waigo yana gudu ya ce, "Kauce, malam! Duk sadarwar garinga a hannuna take!"

Nan na baro shi, bai kai gidan da zai je ba wayar ta sake ƙara.